Wanda Ke Yi Wa Baba Gudu

Hayyin Ashir, Alƙahira
Fabrairu, 2013

Zuwa ga Yaya Mardiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. A gaishe mini da Goggo Dije, a ce mata ɗan da ta raina yana nan bai rame ba.

Na san kin yi fushi don ina katse waya da wuri. Ba rowar kati ba ce. Ɗaki ɗaya ne da falo gare mu, kuma Baba yana jin komai. Da ya ji an ambaci Funtuwa sai ya tashi ya kama faɗa yana neman takalminsa. Shi ya sa na zauna na rubuta, wani ɗalibi ɗan Bakori zai kawo miki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda na tsaya a makaranta.

Kin tambaye ni jikinsa. Gwiwar dama ta ƙi sam, amma ba ita ce damuwata ba. Mantuwa ce. Ya daina raka marasa lafiyarmu masu zuwa daga gida asibiti yana yi musu tafinta, don ran nan ya tsaya a gaban likita Larabcin ya ɓace masa. Yana zuba sukari a shayi ya juya, ya sake zubawa. Jiya a sallar Magariba ya yi raka'a biyar, ni ina bayansa, na rasa yadda zan yi.

Amma ran Juma'a bayan an sauko masallaci wani mutum ne daban. Ban taɓa gaya miki ba don na san za ki ce wasan yara ne. Baba yana buga kurket. Ashe tun a kwalejin gwamnati ya iya, kuma duk shekarun nan da yake Masar bai bari ba. Akwai gasar dattawa, daga mai hamsin zuwa sama, tsakanin Alƙahira da Giza da Iskandariyya. Yawancinsu 'yan Pakistan ne da Indiya, da Turawa biyu masu tumbi. A filin wata makaranta a Ma'adi suke yi. Baba ne babba a cikinsu, shi kaɗai ne namu.

Ga yadda abin yake. Ana kafa turaku uku, Baba ya tsaya a gabansu da sanda mai faɗi kamar muciya, wani ya jefo ƙwallo mai tauri kamar dutse. In ya buga ta yi nisa, shi da abokin bugunsa sai su ruga su yi musayar wuri, kowace musaya maki ɗaya. In aka dawo da ƙwallon aka doki turakun kafin mutum ya kai layi, ya fita. To bugu Baba yana nan da shi, gudu ne babu. Sai shugabansu, Dakta Imran, wani likitan haƙori, ya ce a dokar wasan mai ciwo yana iya samun wanda zai yi masa gudu, kuma tunda gasar tsofaffi ce sun yarda ɗansa ya yi. Sharaɗi ɗaya ne: dole mai gudun ya sa duk abin da mai bugun ya sa. Fararen kaya, kariyar ƙwauri, safar hannu, hular kwano, har sanda sai na riƙe ko da ba zan buga ba. Dakta Imran ya ara mini hula da kariyar ƙwauri, Baba ya ba ni tsofaffin fararen kayansa, na goge su da kaina a shagon gugar da nake aiki. Da na fito tsofaffin suka yi ta dariya, wai Malam Hasan ya sayo sababbin ƙafafu daga Nijeriya, su ma a yi musu oda.

Ina tsayawa can gefe daidai da shi. In ya buga ya ce "Zo" sai in ruga, in ya ce "Tsaya" in tsaya. Da Hausa yake kira don kada abokan gaba su gane.

Wancan makon muka yi da Giza. Ya buga wata mai kyau, ya ce zo, na ruga. Ina tsakiya sai na ga shi ma ya taso. Ya manta yana da mai gudu. Mu uku muna gudu a wurin mutum biyu, 'yan Giza suna ihu, bai yi nisa ba gwiwar ta kayar da shi. Aka doki turakun, aka ce ya fita. Na koma na ɗago shi, ban cire hular ba. Ya leƙa fuskata ta tsakanin ƙarafan gaban hular, ya daɗe, sannan ya ce a hankali:

"Husaini, ai wannan kiranka ne. Me ya sa ka yi shiru?"

Yaya, na san sunan Baba na tagwaye ne, na san ɗan'uwansa ya rasu tun ba a haife mu ba. Iyakar abin da na sani ke nan. Don Allah ki tambayar mini Goggo.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanenki, Jibrin


Funtuwa
Maris, 2013

Jibrin,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, kowa lafiya, yara suna gaishe ka.

Da farko, abin da kake gani ciwo ne. Ina ganin irinsa a asibitinmu kullum. Tsufa ne ke taɓa ƙwaƙwalwa, na jiya ya ɓace, na shekara hamsin ya dawo. Kada ka bari kowa ya ce maka iska ce. Na biyu, ban ga hankali a ce mutum mai shekarun Baba yana faɗuwa a fili kana taya shi ba.

Na karanta wa Goggo. Da na zo kan sunan sai ta ce in dakata, ta shiga ɗaki, sai bayan La'asar ta kira ni. Ta ce su biyun tare suke buɗe wa kwalejinsu wasa, su ke fara bugu, ba a raba su, kuma Husaini ne mai kira. In ya ce zo, Baba ko wuta ce a gabansa zai taho. A shekararsu ta ƙarshe aka zaɓe su su je Ikko su buga wa Arewa. Ana gobe tafiya zazzaɓi ya kama Husaini, ya ce wa Baba ya je, yana nan yana jiransa. Ashe sanƙarau ne. Kafin Baba ya dawo an yi sadakar uku. Ta ce tun daga nan bai sake son garin nan ba, duk aikin da zai kai shi nesa shi yake nema, har ya ƙare a Masar.

Ta kuma faɗi abin da ban taɓa ji ba. Wai tun kana rarrafe take ganin Husaini a jikinka, tafiyarka da yadda kake karkata kai in ana maka magana, ta ƙi faɗa ne kawai. Ta ce in gaya maka ka tuɓe kayan nan. Ba a amsa sunan mamaci, balle na ɗan tagwaye, don wanda ya tafi ba ya daina waiwayen wanda ya bari. Ni ban yarda da wannan ba, amma na yarda ka tuɓe.

Ka kawo shi gida, Jibrin. Su biyu suka rage a ɗakinsu, shi da Goggo, kuma rabonta da ganinsa tun rasuwar Innarmu. Ciwon nan ba ya komawa baya. In aka ƙara jinkiri zai zo ya zauna a gabanta bai san ko wace ce ba. Abin da aka tura ka yi ke nan, ba gudu da muciya ba.

Ka kula da kanka.
Yayarka, Mardiya


Hayyin Ashir
Mayu, 2013

Yaya Mardiya,

Salama da gaisuwa. Ina gaida Goggo, Allah ya ƙara mata lafiya. Na ji faɗanki, kuma na gwada.

Juma'ar da ta biyo bayan takardarki na ce masa yau ba zuwa. Bai yi gardama ba. Ya sa fararen kayansa ya zauna a bakin gado, sandar a kan cinyarsa, har rana ta faɗi. Na kawo masa wake da burodi bai taɓa ba. Da na matsa sai ya dube ni da ladabi kamar baƙo ya ce, "Yaro, wa ya aiko ka? In kayan guga ne ka ajiye a can." Shekara biyu ina wanke masa ƙafa, Yaya.

Na yi masa maganar gida ba sau ɗaya ba. Wani lokaci ya yi faɗa, wani lokaci ya yi dariya. Amsar dai ɗaya ce, ba zai tafi ya bar Husaini shi kaɗai a garin mutane ba. To mako na gaba na ɗauko kayan na goge, muka hau jirgin ƙasa na cikin gari zuwa Ma'adi. Ki yi mini faɗa in kin so, a ranar ya ci abinci.

Ki bari in gaya miki yadda yake a fili, don ba ki taɓa gani ba. Ba ya manta komai. Ya san wanda ke jefa ta karkace da wanda kafaɗarsa ta gaji. Yana tsokanar wani Ba'indiye mai tsaron bayan turaku, wai in ya durƙusa sai an kira makanike ya miƙar da shi, shi kuma ya ce masa ai gara shi, ƙafafunsa nasa ne ba na haya ba. Da muka je Iskandariyya ya kusa kaiwa maki talatin, har mutanen can suka tafa masa.

A hanyar dawowa ne abin ya faru. Na cire hula amma fararen kayan suna jikina. Muna zaune a jirgi yana kallon gonaki, sai ya fara ba ni labari, yana ce mini Husaini. Ya ba ni labarin Innarmu, yadda ta yi dariya ranar da ta fara ganinsa da kwat. Ya ce yana da 'ya mai kaifin baki, ta zama ma'aikaciyar jinya, in ta yi magana kamar Dije. Sannan ya ce:

"Ina da namiji ma, Jibrin. Yana wurin Dije. An ce ya yi tsawo, an ce ba ya fushi. Ya kamata ka gan shi."

Na ce masa in sha Allah zan gan shi. Tun da na zo garin nan ban taɓa jin ya yi maganata haka ba. In ina Jibrin, miƙo ruwa ne, rufe taga ne. Sai na zama wani sannan na ji abin da yake cewa a kaina.

Akwai abin da ban so in rubuta ba, amma ke kaɗai zan iya gaya wa. Yanzu ni ke kira. Ban san ranar da na fara ba. Kafin ƙwallon ta bar sandarsa bakina ya riga ya ce zo ko tsaya, kuma ba na kuskure, ni da ban san wasan nan ba bara. In na kai layi sai in dangwala sandar a ƙasa sau biyu. Ba wanda ya koya mini. Ran nan Baba ya gani ya yi murmushi ya ce har yanzu ban bar wannan halin ba. Na yi niyyar in daina, wasa na gaba na tarar hannuna ya yi kafin in tuna.

Kin ce ciwo ne, na yarda, nasa ciwo ne. Nawa fa?

An rufe gasar sai zafi ya sauka. Ina sa kayan a gida jefi-jefi in ya ƙi cin abinci. Kada ki gaya wa Goggo wannan.

Ƙanenki, Jibrin


Funtuwa
Satumba, 2013

Jibrin,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Tun da aka fara nuna tashin hankalin garinku a talabijin ba na barci sosai. An ce kusa da unguwarku ne, an ce an sa dokar hana fita. Kana ce mini komai lafiya a waya, kuma na san muryarka in kana ɓoye abu.

Goggo ta zame a bayan gida, ƙugunta ya goce. Tana kwance. Hankalinta garau, amma ba ta da ƙarfin da. Kullum tambayarta ɗaya.

Ka ce kada in gaya mata, na gaya mata. Na ɗauka za ta yi kuka. Ba ta yi ba, sai ta ce tun da Hasan ya zo duniya bai taɓa ƙin kiran Husaini ba. Ta ce Allah ya yafe mata, amma in muryar da yake ji ke nan, to ita za ta kawo shi.

Ni ce na ce ka tuɓe kayan. Yau ni ce nake cewa ka sa su ka ce masa ya taho gida. Na san abin da nake roƙonka, ban kuma san ko daidai ne ba. Na dai san lokaci yana ƙure mana ta ɓangare biyu. Maigidana ya ce zai yi tikitin.

Yayarka, Mardiya


Hayyin Ashir
Nuwamba, 2013

Yaya,

Assalamu alaikum. Allah ya ba Goggo sauƙi. Wannan za ta riga mu isowa da 'yan kwanaki, ina so ki karanta kafin ki gan mu.

Na daɗe ban amsa ba don na daɗe ban iya ba. Amsa suna in an kira ka daban, ka buɗe baki ka yi magana da muryar wanda ke kabari daban. Na sa kayan a gida sau da yawa, in tsaya a gabansa, in kasa. Kuma na lura a gida yana shakka, yakan dube ni ya dubi bango. A fili ne kaɗai ba ya shakka. Sai na jira a buɗe gasa.

An buɗe bayan an ɗage dokar. Mutane sun ragu, Turawan sun tafi, wasu 'yan Indiya ma kamfaninsu ya kwashe su. Da ƙyar aka haɗa ƙungiya. Na sami Dakta Imran na gaya masa komai da guntun Larabcina. Ya ce ya daɗe da ganewa, shi ma mahaifinsa haka ya yi a ƙarshe, yana kiransa da sunan wani maƙwabcinsu. Ya ce ma'alish, wato ba komai, in yi abin da zan yi, zai ja sauran gefe.

Da Giza muka sake yi. Baba bai daɗe ba aka fitar da shi, ƙwallon ta wuce ta ƙarƙashin sandarsa. Aka tafi hutun shayi. Shi ya zauna a benci ƙarƙashin bishiya yana kwance igiyar kariyar ƙwaurinsa. Na zo na tsaya a gabansa da hulata a kai da sandata a hannu.

Yaya, tun da aka haife ni ban taɓa faɗin sunan Baba da bakina ba, ko wani mai sunan na gamu da shi sai in ce mai sunan Baba. Na ce:

"Hasan. Zo."

Ya bar igiyar. Ya ce ina. Na ce gida. Ya daɗe yana kallona, har na ji ƙarar cokula a kofunan mutane can nesa. Sannan ya ce:

"Wane gidan? Na Dije, ko naka?"

Gidan Husaini ai kabari ne. Na gane duk watannin nan ya san inda Husaini yake. Kuma na ga a fuskarsa ko wanne na faɗa zai tashi ya bi ni. Na ce na Dije, tana kwance tana nemanka. Ya ce kai ma za ka? Na ce zan je. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, kiranka ne," ya ci gaba da kwance igiyarsa kamar an gama maganar kasuwa.

Da aka tashi tsofaffin suka yi layi biyu suka ɗaga sanduna sama, ya bi ta ƙarƙashi yana ɗingishi, Ba'indiyen nan yana kuka yana cewa wa zai riƙa zaginsa yanzu. Baba ya ce masa matarsa tana nan.

Tun ranar bai yi gardama ba. Shi ya haɗa jakarsa. Da fararen kaya zan yi tafiyar, kada ki yi mamaki a filin jirgi, kuma ki ja wa yara kunne kada su rugo suna kiran sunana sai ya shiga ya zauna. Mai shagonmu ya ba ni hutun mako uku. In ya saba da ku sai in zame in dawo bakin aikina.

Sai mun iso.
Jibrin


Funtuwa
Janairu, 2014

Jibrin,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ka koma lafiya, sanyin can bai dame ka ba.

Ka gani da idonka ya gane Goggo, kuma har yanzu yana gane ta. Da safe yana zama a bakin gadonta suna hirar mutanen da duk sun mutu, tana dariya har tana riƙe ƙugu. Ta fara takawa da sanda. Wannan kai ka yi shi, ba wanda zai ƙwace maka.

Sauran ba daɗi. Satin farko bayan tafiyarka mun ce masa ka je kasuwa, ka je Zariya. Yanzu ba ya tambaya. Da La'asar sai ya sa fararen kayansa ya fita ƙofar gida ya tsaya, ba ya zama ko an kawo kujera, sai an kira Magariba. Abinci sai Goggo ta yi masa rantsuwa yake cin loma biyu. Ya faɗa sosai. Shekaranjiya na je in shigo da shi, ya ce mini, "Bai taɓa kirana ya bar ni a tsakiya ba. Wani abu ne ya same shi." Na nuna masa hotonka a waya na ce ga Jibrin, ɗanka, yana gaishe ka. Ya duba ya ce Allah ya raya shi, ya mayar da ido kan hanya.

Ba roƙonka nake ba. Na riga na roƙe ka abin da ya fi ƙarfin roƙo. Kana da aikinka, kuma kai yaro ne, rayuwarka tana gaba. Na ga dai bai kamata in ɓoye maka ba.

Yayarka, Mardiya


Hayyin Ashir
Fabrairu, 2014

Yaya,

Salama. Na sallami mai shago, na mayar da makullin ɗaki. Dakta Imran ya ce in tafi da hular da kariyar ƙwaurin, ba sai na dawo da su ba. Ina tafe makon gobe in Allah ya so, zan yi ƙoƙari in iso da La'asar.

In ya tambaya wa ke zuwa, ki ce masa wanda yake jira.

Abu ɗaya nake so. In muna mu kaɗai, ke da Goggo, ko a madafa ne, ku riƙa kirana da sunana.

Ƙanenki,
Jibrin